Bedin Gwaggo da Balbelunta

Daga Allah muke, kuma Gwaggo ta riga mu komawa gare Shi. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ban san kaina ba. Ta rasu a tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai, aka yi mata sutura a ƙauyenmu na gefen Tama.

Da aka dawo daga maƙabarta sai aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanta, a gindin babban bedin nan, wato dogon yaro, don babu wata inuwar da za ta ɗauki jama'a. Sai dai inuwar ba tamu ba ce mu kaɗai. Kowace damina balbelu ke cika itacen, sheƙa kan sheƙa, tun daga rassan ƙasa har ƙololuwa. A lokacin ɗiyansu sun ƙyanƙyashe amma ba su isa tashi ba, kuka kawai suke yi iyayen na jigilar abinci.

Liman ya ɗaga hannu ana fatiha, sai kashin balbela ya sauka a kafaɗar wani alhaji da ya zo daga Madawa cikin farar shadda. Bai motsa ba sai da aka shafa. Na kusa da shi suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Ƙanen mijin Gwaggo, wanda gidansa ke jingine da nata, mu kuma muke kiransa Baba Ƙarami, ya miƙa masa buta.

"Yi haƙuri, Alhaji," in ji shi. "Bana ta ƙarshe. Mai iccen ta tahi. In anka yi sadakar bakwai, gatari za shi ci."

"Allah shi jiƙanta," in ji Liman. "Macce ta mai salla. Amma tsakani da Allah, in iska ya juyo, har sahun gaba muna jin wari."

Aka ce amin, aka kuma ce gaskiya ne, duka a numfashi ɗaya. Wani ya fara lissafin azara nawa za a samu a jikin itacen. Wani tsohon makiyayi da ya zo da sandarsa daga wajen Deule ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rassan, sannan ya sa takalmansa ya tafi ba tare da ya jira hurar sadaka ba. A cikin gida mata na kuka, ban da matar Baba Ƙarami, wadda muke kira Inna. Ita tana bakin murhu tana tura kara, fuskarta ba ta nuna komai.

Ni kuwa a ranar na bar su da lissafin azararsu. Ba ni da bakin taro, kuma ina tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba. Ilimin ƙasa na karanta a jami'a, ba na tsuntsaye ba, saboda haka wanda ya fi ni sani ya gyara mini inda na karkace. Amma ba zan yarda abin da za a riƙa tunawa da ita ya zama warin da aka huta da shi ba.

Gwaggo ta tashi ne a bayan shanu, a wajen dangin mahaifiyarta. Fillanci da Hausa duka nata ne, kuma ina jin tun can ta fara kallon balbela, tsuntsuwar da ke bin ƙafar saniya tana cafke farar da ta tashi. Da ta yi aure ta zo ƙauyen nan, a shekarun da ake dasa layukan bedi a fadama don tare iska, sai ta ɗauko ɗan dashe guda a gwangwanin tumatir ta kafa a ƙofar gida. Balbelu ba su zo ba sai da ya girma. Da suka zo kuwa ba ta taɓa jifansu ba, kuma ba ta yarda kowa ya jefa ba.

Duk wanda ya tsinci mataccen tsuntsu a gona ko a bakin rijiya ya san inda zai kai shi. Takan shimfiɗa shi a kan zanenta, kuma ba ta taɓa fara duba launi ba.

"Launi riga ta," haka take cewa. "Bana ja, baɗi toka. Ba ni ƙahwa in gani."

Ƙafa take fara buɗewa a tafin hannunta. Idan farata sun lanƙwashe suna da tsini, yatsun kuma suna rufewa da kansu in an naɗe gwiwa, ta ce wannan mai ɗauka ne, a tsare tsaki. Idan akwai fata tsakanin yatsu, ɗan ruwa ne, kamar kirinjijiya. Idan ƙafar 'yar mitsitsiya ce ga fiffike dogo mai tsini, ta ce wannan a sama yake kwana da yini, ƙasa ba gidansa ba ce, irin tsattsewa. Daga ƙafa sai baki. Gajere mai kauri na mai fasa ƙwaya ne, shi manomi zai ji wa tsoro. Siriri mai tsini na mai tsintar ƙwari ne. Mai ƙugiya na mai yagar nama. Sai ta ja fiffike ta ga tsawonsa, ta shafa wutsiya, ta hura gashin ƙirji. Daga ƙarshe, in ta ga dama, ta dubi launi.

Wani manomi ya taɓa kawo mata ɗan tsuntsu daga gonarsa yana murna, wai ba jan baki ba ne, tunda bakinsa rawaya ne, don haka geronsa ya tsira. Ta latsa bakin tsakanin yatsunta.

"Jan baki ta, maccen," in ji ta. "In za ta ƙwai bakin ka sake kala. Kai kana nan kana kallon kala, su suna can suna ci maka gero. Tashi ka tahi!"

Ya tafi da gudu har ya bar takalmi ɗaya. Ba kowane tsuntsu take karewa ba, wannan ina so a sani. Mai laifi takan kira shi mai laifi.

Daga baya yanar ido ta rufe mata gani. Ta yi shekaru ba ta gani sai haske da inuwa, amma ba a daina kawo mata tsuntsaye ba, wasu don tambaya, wasu don su gwada ta. Ta kan lalubi baki da babban yatsa, ta ƙirga yatsu, ta faɗi suna. Wani lokaci takan ce ba ta sani ba, ta mayar wa mai shi abinsa. Ban taɓa jin ta ƙaga suna don gudun kunya ba.

A rana ta biyu ta zaman makoki wata ma'aikaciyar asibitin mishan ta zo gaisuwa a kan kabu-kabu, wato babur na haya. Kirista ce, ita ta yi jinyar Gwaggo lokacin da aka yi mata aikin ido ɗaya. Ta zauna cikin mata ta ba su labari, ni ina jin ta daga zaure. Ta ce da aka cire bandeji likita ya ɗaga yatsu a gaban Gwaggo ya tambaye ta nawa ne. Sai ta ture hannunsa gefe, ta ƙura wa taga ido.

"Kauce, ɗana. Waccan bisa bango hasbiya ta. Ga jan nan kewaye da idonta. Ashe shina nan inda nib bar shi."

Matar ta ce likita ya juya ya duba, ga hasbiya kuwa, ya rubuta cewa ido ya buɗe. Matan da ke kuka suka yi dariya, sannan suka koma kuka.

Kada in mai da ita abin da ba ita ba. Akwai inda ta tsaya a kan kuskure, ko dai abin da nake jin kuskure ne. Da farkon damina wasu balbelu kan fitar da gashi ruwan ƙasa-ƙasa a ka da ƙirji da baya, bakinsu da ƙafarsu su yi ja-ja. Gwaggo ta ce waɗannan su ne mazan, farare tas kuma mata. Na karanta a wani wuri cewa namiji da mace duka suna yin wannan ado in sun kai lokacin sheƙa, fararen kuma galibi waɗanda ba su shiga layi ba ne. Na gaya mata a hankali, na ce wataƙila, na ce kamar haka na gani.

"Wa yag gaya ma mai littahin?" in ji ta.

Na ce ai masana ne, sun bincika.

"Sun kwan ƙarƙashin icce da su?"

Na nuna mata biyu a sheƙa ɗaya, dukansu da adon. Ta rufe idon da ba ya gani, ta duba da mai gani, ta daɗe.

"Wa da ƙane na," in ji ta. "Ya zo ganin ɗiyan wanai."

Har ta koma ga Allah ba ta janye ba. Ita da ke cewa kada a yarda da launi, a nan launi ta bi, kuma da na tuna mata haka sai ta aike ni ɗebo ruwa.

Rigimarta mafi girma da Inna ta yi ta, tun idonta na rufe. Inna na kiwon zabi. Takan sa wa kaza ƙwan zabuwa ta ƙyanƙyashe mata, kuma da su take yi wa kanta komai. Wata damina ɗiyan zabin suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ran nan Inna ta shigo gidanmu ko sallama babu, ta jefa matacciyar balbela a gaban Gwaggo. Da muciya ta jefe ta.

"Ga ɗiyarki! Su sunka cinye mani zabi!"

Gwaggo ta lalubo ta, ta buɗe ƙafar a tafinta. Yatsu dogaye sirara, a baje.

"Da wanga za ta ɗauki ɗan zabo? Taɓa ki ji. Ƙahwar tahiya ta, ba ta riƙo ba."

"Ba ɗauka taka yi ba, haɗiyewa taka yi!"

Gwaggo ta ce in ba ta wuƙa. Ta tsaga cikin, ta zazzage a kan murfin kwano. Fara ce cunkus, da ɗan kwaɗo guda. Ba zan rantse cewa balbela ba ta taɓa haɗiye ɗan tsako ba tunda aka yi duniya, amma a cikin waccan dai abin da aka samu ke nan. Da Gwaggo ta so, da maganar ta ƙare a nan, ta ci nasara. Sai ta ci gaba da tambaya.

"Wanda kig gani bakin akurki, wuyanai hwari na ko toka?"

Inna ta ce, "Toka-toka. Dogo. Kai nai baƙi."

"Maƙoshi hwari? Baki awa mashi?"

"I."

"To zalɓe na. Su biyu suna can ƙololuwa, ina jin kukansu. Shi kam ɓarawo na, shina haɗiye ɗan zabo sarai. Kin yi gaskiya, daga iccena yah hito. Kin dai kashe wadda ba ta ci maki komi ba."

"To a sare iccen mana!"

"Don su biyu in kori duka waɗanga? Ki ruhe zabinki, ƙanwata. Icce ba shi tahiya ko'ina."

Inna ta fita tana rantsuwa. Ba su sake gaisawa ba har aka yi girbi. A tsakanin nan Gwaggo ta zauna da kaba tana saƙa da lalube, har ta gama wani babban kwando mai ƙananan ƙofofi. Ta ɗaure tata kazar da ɗiyan zabin da ta ƙyanƙyashe, ta haɗa da kwandon, ta kai da kanta tana bin bango. Inna ta karɓa. Ba ta yi godiya ba, Gwaggo ma ba ta tsaya jira ba.

Dole in yi wa masu son sara adalci, don ita ma ta kan yi musu. Warin gaskiya ne. In an yi ruwa aka buɗe rana, gindin itacen ba ya zaunuwa. Ƙudaje na taruwa, ɗiyan da suka faɗo suna mutuwa a ƙasa, kukan kuma ba ya barin mai barcin rana. Wasu na cewa balbelun ke kawo ciwon kaji. A iya sanina ciwon da ke share mana kaji ya fi zuwa da sanyi, lokacin da sheƙunan suka daɗe da zama fanko. Amma an ce tsuntsun daji na iya ɗauko cuta, kuma ba ni da hujjar da zan ce ba zai taɓa faruwa ba. Abin da na sani shi ne yawan farar da ke shiga itacen nan kowace rana a cikin maƙogwaron iyaye, kuma daga gonakinmu take fitowa. Na kuma san cewa tana da rai babu wanda ya taɓa zuwa da gatari. Baba Ƙarami ya sha faɗa a majalisa, amma in ya zo gabanta sai ya tambayi lafiyar ido ya wuce. Jira suka yi.

Wannan jiran ne ya fi ci mini rai a kwanakin makoki. Na yi tunanin in je Buza in gaya wa ma'aikatan gandun daji, tunda sare babban itace ba a yinsa haka kawai. Na fasa. Gwaggo ba ta taɓa kawo wa dangi mai kaki ba, da bakinta take yaƙinta, kuma da na yi haka da itacen ya tsaya amma gidajen biyu sun rabu.

Ranar sadakar bakwai, bayan an watse, dattawan gida suka zauna a zauren Baba Ƙarami. Gatura biyu na jingine a bango, an riga an wasa su. Aka kira ɗan Gwaggo tilo a tarho, yana ci-rani a Abijan, aka sa a bayyane kowa na ji. Taubashina ne, ba ma magana sai da tsiya. Ya ce shi yana nesa, abin da manya suka gani ya yi.

Na nemi izini na yi magana. Na ce ɗiyan ba su isa tashi ba, gashin fiffikensu bai gama fita daga kube ba, in an sare yanzu duk a ƙasa za su mutu. Na ce ko za a duba, ko za a ɗan jinkirta, in babu damuwa.

Baba Ƙarami ya saurare ni har na gama, sannan ya kira ni da laƙabin Faransancin da ake yi wa 'yan boko a wajenmu.

"Mushe, ka ƙare? To ji. Ni ban ƙi tsohuwa ba, Allah na gani. Amma ka san abin da yas sa munka iya zama da iccen ga shekara da shekaru? Shara. Tun ba a hito masallaci ba tana duƙe da tsintsiya, da marece ta koma. Ta tara kashin wuri guda, in sanyi ya zo ta kai ma garkar albasa taki. Tana makauniya ma ba ta hwasa ba. Kwana bakwai ɗin ga ba a share ba, kai ma ka ji abin da hancinka yaj ji. Yanzu wa za shi share? Matata? Ɗiyana mata da ka gidan mazansu? Hwaɗa mani sunan maccen."

Gaskiya ya faɗa, kuma kowa ya san babu macen da za ta ɗauka. A garinmu kuwa namiji mai gemu ba ya duƙawa da tsintsiya a ƙofar gida.

Na ce, "Ni."

Ban sa wataƙila ba, ban sa ina jin ba. Aka fashe da dariya. Wani ya ce ashe abin da ake koyarwa ke nan a jami'a. Wani ya ce a nemo mini zane da kallabi. Daga cikin tarho taubashina ya fi kowa ƙyaƙyatawa.

"Kai! Shekara nawa ina ce maka bawana kana musu? To Baba, na ba shi ɗakin tsohuwa. Shi zamna, shi share. In ya yi kyau in aiko mai da turare."

Da ya gama dariyar sai muryarsa ta sauya. "Baba, tunda da mutum cikin gida, a bar mata iccenta."

Baba Ƙarami ya juyo gare ni.

"Na ji," in ji shi. "Amma ranar da hantsi yaɗ ɗaga nit tarar da kashi ƙohwar gida, ba ni shawara da kowa."

Na ce na yarda.

Washegari da aka fito sallar asuba na ɗauko tsintsiyar da na gani a ɗakin Gwaggo na duƙa. Masu komawa gida suka rage tafiya. Wani ya ce, "Ina kwana, amarya?" Na ce lafiya lau, na ci gaba. Kashin ya bushe ya manne da ƙasa, tsintsiyar sai lanƙwashewa take yi, ina ta shafa wuri ɗaya gumi na zuba. Sai na ji abu ya faɗo kusa da ƙafata. Tsintsiyar kaba ce mai tauri, an jefo ta ta kan katanga. Inna na tsaye a wancan gefen, kanta kaɗai ake gani.

"Waccan ta ɗaki ta, wawa. Ka yayyahwa ruwa tukun, kuma ka hwaro daga gindi ka yo waje."

Na ce na gode, Inna.

"Kak ka gode mani. Tsuntsayen ga na tsane su har gobe. Amma tana da rai ban kada ta ba, ba ni son a ce sai da ta kwanta munka iya."

Ta sauka daga kan turmin da ta taka, na ji ta tana yi wa zabinta kira.

Yau da nake rubuta wannan bedin na tsaye, ɗiyan sun fara taka rassa suna gwada fiffike. Ana cewa mu da muka gama karatu za a iya kiranmu aiki a Tawa kowane lokaci. In kiran ya zo kafin su tashi, zai jira. Abin da zai faru baɗi ban sani ba, kuma ba zan yi alkawarin abin da ba ya hannuna ba, amma na gaya wa Baba Ƙarami a gaban mutane cewa ya nemi wani aikin da zai yi da gaturansa.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ya buɗe mata idanun nan biyu tangaran, Ya ba ta inuwar da babu mai jiran ta kau da kai. Mu da muka rage, Ya ba mu ƙarfin baya. Amin.